Kafin a Ce Kuskuren Ma'aikaci Ne, a Tambayi Inda Aka Kafa Iyakar Ƙararrawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi sana'ar da na shafe yawancin rayuwata ina yi, wato saita na'urorin awo da kula da su a masana'antu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura duk lokacin da aka ba da labarin fashewar tukunyar tururi, ko tumbatsar tankin mai, ko gobara a matata, akan rufe labarin da cewa kuskuren ma'aikaci ne, ƙararrawa ta kaɗa amma bai kula ba. Mai karatu sai ya ɗauka wani ne ya yi gyangyaɗi a bakin aiki. Ba na musun cewa hakan yakan faru, amma akwai tambayoyin da ba a cika yi ba, kuma a ganina su ne gaba: wane ne ya zaɓi adadin da ƙararrawar za ta kaɗa a kansa, da wane lissafi ya zaɓe shi, kuma ƙararrawa nawa ne suke kaɗawa tare da ita a wannan lokacin?

Domin wanda bai taɓa shiga ɗakin kula da injuna ba, bari in ɗan yi shimfiɗa. A kowace babbar masana'anta akwai abubuwa huɗu da aka fi aunawa dare da rana: zafi, da ƙarfin matsi a cikin bututu ko tukunya, da yawan abin da yake kwarara, da tsayin ruwa ko mai a cikin tanki. Na'urar awo tana maƙale a jikin tankin ko bututun, tana aika abin da ta auna ta waya zuwa kwamfutar da ke ɗakin kula, inda ma'aikaci yake zaune gaban alluna yana kallon ɗaruruwan lambobi. Tun da babu ɗan Adam da zai iya zuba wa lambobi ɗari biyar ido a lokaci guda, sai a kafa wa kowane awo iyaka, ta sama ko ta ƙasa ko duka biyun, wadda idan ya ƙetare ta kwamfuta za ta yi ƙara kuma ta kunna alama a allo. Rubuta wannan adadi a cikin kwamfuta bai fi aikin daƙiƙa talatin ba. Sanin adadin da ya dace a rubuta kuwa, yakan ci mutum huɗu rabin sa'a suna muhawara, kuma wannan rabin sa'ar ce ake yawan tsallakewa.

A da can matsalar ba ta kai haka ba, kuma dalilin tsada ne, ba wai magabata sun fi mu hikima ba. Lokacin da ake amfani da allon bango mai 'yan tagogin fitilu, kowace ƙararrawa sai an saya mata maɓalli, an ja mata waya tun daga jikin injin har ɗakin kula, an kuma nema mata gurbi a allon da ba shi da faɗi sosai, don haka wanda ya nemi a ƙara guda ɗaya sai ya kawo hujjar da za ta gamsar da mai biyan kuɗi. Daga 1975, shekarar da kamfanonin Honeywell da Yokogawa suka fito da tsarin sarrafa masana'anta ta kwamfutoci masu haɗe da juna, sai ƙararrawa ta koma kyauta. Kowane awo ya zo da guraben da ke jiran a cike su: iyakar sama, da ta can sama, da ta ƙasa, da ta can ƙasa, da ta saurin sauyawa, da ta kaucewa daga adadin da ake so. Injiniyan da yake gaggawar miƙa aiki, kuma yake tsoron kada wata rana a ce shi ne bai sa ƙararrawa ba, sai ya cike su duka. Ta haka ma'aikacin da ubangidansa ya yi aiki da tagogi ɗari ya wayi gari da ƙararrawa dubu biyu ko fiye, alhali kunnuwansa biyu ne kamar na ubangidan.

Al'adar da na fi yawan tararwa, kuma wadda na fi so in yi jayayya da ita a wannan wasiƙa, ita ce ta kafa iyakar sama a kashi 80 cikin ɗari na ma'auni, ta ƙasa kuma a kashi 20, sannan a ɗora 90 da 10 a matsayin na gaggawa. Lambobin suna da kyan gani a takarda, kuma babu wanda zai tuhumi mutum a kansu, amma ba su san komai game da tankin da aka liƙa musu ba. A ɗauki ƙaramin tanki mai tsayin mita 2 wanda ruwa yake hawa cikinsa da santimita 20 a kowane minti idan famfon fitarwa ya tsaya. Daga kashi 80 zuwa baki saura santimita 40, wato minti biyu kacal, wanda bai isa mutum ya gama karanta saƙon ya ɗauki rediyo ba, balle wani ya taka zuwa wurin. Wannan ƙararrawa ihu ce bayan hari. A ɗauki kuma babban tankin ajiya mai tsayin mita 20 wanda yake hawa da santimita ɗaya a minti. Daga kashi 80 zuwa baki saura mita 4, wato minti 400, fiye da sa'a shida da rabi. Ma'aikaci zai ji ƙarar, ya danna maɓallin amsawa, ya san babu abin yi yanzu, ya koma ga wani aiki, kuma mai yiwuwa ne lokacin da abin zai zama na gaggawa ya riga ya miƙa aiki ya tafi gida, alamar tana nan a allo an saba da ganinta. Adadi ɗaya ne a wurare biyun, a ɗaya ya makara, a ɗayan ya yi sammakon da ba shi da amfani.

Abin da ake aunawa a iyakar ƙararrawa lokaci ne, ko da yake da mita ko digiri ake rubuta shi. Hanyar da ta dace ita ce a fara daga wurin da ɓarna za ta auku a yi lissafi da baya. A ce tanki ne mai tsayin mita 10, yana tumbatsa a mita 9.5, kuma idan aka buɗe masa shiga gaba ɗaya aka rufe fita yana hawa da santimita 10 a minti. Sai a tambayi ma'aikatan da suke aikin, ba wanda ya zana shi a ofis kaɗai ba, minti nawa mutum yake bukata ya ga ƙararrawar, ya duba sauran lambobi, ya gane abin da ke faruwa. A ce minti 5. Idan bawul ɗin da za a rufe na hannu ne, minti nawa abokin aikinsa na waje zai yi kafin ya isa wurin, ya hau tsani, ya juya shi har ƙarshe, da dare kuma ana ruwan sama? A ce minti 10. Bayan an rufe, minti nawa abin da ya rage a bututu zai ci gaba da zuba? A ce 3. Jimla minti 18 ke nan, sai a ƙara rara saboda ranar da mutumin waje yake can wani ɓangare, a mai da shi 25. Minti 25 sau santimita 10 ya ba da mita biyu da rabi, don haka iyakar ba za ta wuce mita 7 ba. Idan kuma akwai tsarin kariya da yake datse shigar da kansa a mita 9, to daga mita 9 za a fara lissafin, iyakar ta sauko mita 6.5, domin amfanin ƙararrawar shi ne mutum ya gyara al'amari kafin tsarin kariya ya tsayar da aikin dungurungum.

Wannan rabin lissafin ne kawai. Ɗaya rabin yana fitowa daga tarihin awon da kwamfuta take ajiyewa: a duba watannin da suka wuce a ga iyakar inda tankin yake kaiwa idan komai lafiya. Idan yakan yi lilo tsakanin mita 4 da mita 6, to akwai fili tsakanin 6 da 6.5, a kafa iyakar a ciki, an gama. Amma wani lokaci sai a tarar aikin yau da kullum yakan kai mita 7.5, wato ya riga ya wuce inda lissafin lokaci ya ce a tsaya. A nan ne ake gane injiniyan da ya san aikinsa. Mai neman sauƙi zai zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ya sa iyakar a 6.5 ta riƙa kaɗawa kullum ba gaira ba dalili, ko ya ɗaga ta zuwa 8 ya yi fatan alheri. Gaskiyar magana ita ce wannan matsala ta fi ƙarfin ƙararrawa, kuma babu adadin da zai warware ta. Sai dai a sa bawul mai rufuwa daga ɗakin kula domin a rage mintocin tafiya, ko a rage saurin cikawa, ko a sauke matakin da ake riƙe tankin a kai. Duk waɗannan suna cin kuɗi, shi ya sa ake son ɗora wa ƙararrawa nauyin, tun da ita ba ta cin ko sisi, kuma idan abin ya ɓaci akwai wanda za a nuna da yatsa.

Akwai wata cuta kuma da take kama iyakar da aka kafa daidai. Awo ba ya tsayawa cik kamar ruwan kwano, kullum yana ɗan rawa, saboda motsin famfo ko igiyar ruwa a cikin tanki. Idan ya zo daidai bakin iyaka sai ya riƙa shiga yana fita, ƙararrawa tana kaɗawa tana lafawa, har sau da yawa a minti ɗaya. Wadda ta maimaita kanta sau uku ko fiye a cikin minti guda, mu a wurin aiki mukan kira ta mai surutu. Maganinta sananne ne kuma yana cikin kowace kwamfutar sarrafawa. Na farko shi ne a sa tazara tsakanin inda take kaɗawa da inda take lafawa, ta yadda wadda ta tashi a mita 7 ba za ta koma daidai ba sai awon ya sauka zuwa, misali, mita 6.5. Littattafan ƙa'ida sun ba da adadin da za a fara gwadawa da shi: kashi 5 cikin ɗari na faɗin ma'auni ga kwarara da tsayin ruwa, kashi 2 ga matsi, kashi 1 ga zafi. Na biyu shi ne jinkiri, wato kada ta kaɗa sai awon ya zauna bayan iyaka na wasu daƙiƙu, kamar 15 ga kwarara da matsi, ko 60 ga zafi da tsayin ruwa. Sai dai a tuna cewa duk daƙiƙar da aka ba jinkirin kaɗawa, daga aljihun ma'aikaci aka cire ta, don haka dole a shigar da ita cikin wancan lissafin na farko. A wurin da matsi yake iya ninkawa cikin daƙiƙa goma, jinkirin daƙiƙa 15 ganganci ne, gara a sa jinkirin a wajen lafawa.

Na taɓa shiga wani ɗakin kula da tsakar dare domin duba wata na'ura, sai na tarar an naɗe takarda an cusa a gefen maɓallin amsawa domin ya zauna a danne. Ma'aikacin da na tarar mutum ne mai natsuwa, ya fi ni daɗewa a aikin. Da na tambaye shi bai ce uffan ba, sai ya zare takardar ya bar ni in saurara. Ban cika minti uku ba na roƙe shi ya mayar da ita. Ƙararrawa ɗaya ce ta ƙarancin kwarara a wani layi, wadda aka rubuta ƙorafi a kanta sau da dama ba a zo an duba ba, kuma gyaranta bai wuce a sa mata tazara ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da wata ƙararrawa ta gaske ta zo a daren nan, takardar nan za ta haɗiye ta tare da mai surutun, kuma rahoton da za a rubuta zai ce ma'aikaci ya toshe ƙararrawa, wanda gaskiya ne, amma ba a nan labarin ya faro ba. Sabo turken wawa ne, in ji masu iya magana, sai dai a ɗakin kula ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba.

Ma'anar da ƙa'idar kula da ƙararrawa a masana'antu mai suna ISA-18.2 ta bayar, wadda ta fito a 2009 aka sabunta ta a 2016, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa IEC 62682 ta 2014 ta bi sawunta, ta rataya ƙararrawa a kan sharaɗi guda: alama ce ta wani abu da ya kauce wanda yake bukatar ma'aikaci ya ɗauki mataki. Idan aka riƙe wannan sharaɗi da gaske, yawancin abin da ke cike da alluna zai zube. Saƙon da ke cewa famfo ya tashi bayan ma'aikacin da kansa ne ya tashe shi ba ƙararrawa ba ne, labari ne, wurinsa kundin tarihi. Haka nan iyakar can sama da ake ɗorawa a kan iyakar sama ba ta da hujja sai idan matakin da za a ɗauka a ta biyun ya bambanta da na farkon. Idan amsar duka biyun ita ce a rufe bawul ɗin shiga, to ta biyun maimaici ce kawai, tana ƙara hayaniya a lokacin da mutum ya fi bukatar shiru. Shi ya sa a zaman tantancewa ake yi wa kowace ƙararrawa tambayoyi a rubuta amsoshin: me yake jawo ta, me zai faru idan aka ƙyale ta, me ma'aikaci zai yi, kuma minti nawa yake da su. Wadda aka rasa amsar tambaya ta uku a kanta sai a cire ta, ko da wani babba ne ya sa ta shekaru goma da suka wuce.

Daga waɗannan amsoshi ne kuma ake fitar da darajar kowace ƙararrawa, gwargwadon munin abin da zai biyo baya da ƙurewar lokaci. Shawarar da aka fi bi ita ce kusan kashi 80 su zama masu ƙaramar daraja, 15 matsakaita, 5 kawai masu babbar daraja. Wanda yake ganin wannan ƙa'idar ofis ce kawai, ya dubi abin da ya faru a matatar Texaco da ke Milford Haven a yankin Wales na Birtaniya ranar 24 ga Yuli, 1994. Tsawa ce ta fara rikita aikin da safe, aka shafe sa'o'i ana fama, sannan wani bututu ya fashe ya saki kimanin tan 20 na mai da iskar gas, suka kama da wuta, mutum 26 suka ji rauni. Binciken hukumar lafiya da kariyar ma'aikata ta ƙasar ya gano cewa a cikin minti 11 na ƙarshe kafin fashewar, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275, wato guda ɗaya a kowace daƙiƙa biyu zuwa uku, kuma mafi yawan ƙararrawar wurin an ba su babbar daraja. Wadda take gargaɗin cewa gangar da ke tare ruwa kafin bututun ƙona iskar gas ta cika, ita ma ta kaɗa a cikin hayaniyar wannan rana, ba a lura da ita ba. Ina so mai karatu ya gwada karanta jimla guda, ya fahimce ta, ya yanke shawara a kanta cikin daƙiƙa biyu, sau 275 a jere, kafin ya ce waɗannan mutane sun yi sakaci.

Bayan wannan hatsari ne EEMUA, ƙungiyar kamfanoni masu amfani da injuna da kayan aikin injiniya a Birtaniya, ta fitar da jagorarta mai lamba 191 a 1999, inda ta sa ma'aunin da har yau ake aiki da shi: idan aiki yana tafiya daidai, kada ma'aikaci ya samu fiye da ƙararrawa ɗaya a minti goma, idan kuma al'amura sun rikice, kada su wuce goma a minti goman farko. Abin da ya haura goma a minti goma ambaliya ake kiransa. Tun kafin nan ma an ga irin wannan a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka a watan Maris na 1979, inda fiye da ƙararrawa ɗari suka tashi a 'yan mintocin farko, na'urar da ke buga su a takarda ta kasa bin sawunsu, ga kuma wata fitila da ma'aikata suka ɗauka tana nuna bawul ya rufe, alhali abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin rufewa, shi kuwa ya maƙale a buɗe.

Ambaliya ba ta cika zuwa daga matsaloli masu yawa ba, yawanci matsala ɗaya ce take haifar 'ya'ya. Babban famfo ya tsaya, sai ƙarancin kwarara ya kaɗa, ƙarancin matsi ya bi, zafi ya sauka a gaba, tanki ya fara hawa a baya, kowanne da ƙararrawarsa, duk suna ba da labari guda. Haka kuma injin da aka kashe da gangan domin gyara yakan bar alamun ƙarancin matsi da kwarara suna zaman dirshan a allo kwana da kwanaki, kuma duk wadda ta wuce sa'a 24 a kunne ta daina zama gargaɗi ta koma ado. Iyakar da ta dace da lokacin da inji yake tsakiyar aiki ba lalle ta dace da lokacin tayar da shi ko kashe shi ba, tun da idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Kwamfutocin yanzu suna iya sauya iyakoki ko danne wasu ƙararrawa bisa halin da injin yake ciki, amma wannan aiki ne da ake tsarawa da rana, a rubuce, a gwada, ba abin da za a bar wa mai aikin dare ya yi da dabararsa ba.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tsoro, wato ƙararrawar da ba ta kaɗa ba sam. Iyaka komai kyanta tana dogara ne da na'urar awon da ke ciyar da ita. A ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Ingila, daren 11 ga Disamba, 2005, ana cika wani tanki da fetur sai ma'aunin tsayin man ya maƙale, lambar da ke allo ta tsaya wuri guda alhali man yana ta hawa. Matakan ƙararrawa uku aka kafa wa tankin, amma duka ukun daga wannan ma'auni ɗaya suke sha, don haka babu wadda ta yi ko tari. Akwai wani maɓalli na daban a can sama da ya kamata ya datse shigar man, shi ma bai yi aiki ba, saboda hannun gwajinsa yana bukatar a kulle shi da kwaɗo a daidai matsayinsa kuma ba a kulle ba. Man ya tumbatsa, tururinsa ya bazu, ya fashe da misalin ƙarfe shida na safe, fiye da mutum 40 suka ji rauni. Bincike ya nuna ma'aunin ya maƙale sau 14 a cikin 'yan watannin da suka gabata. Da an sa wata ƙararrawa mai sauƙi da za ta lura cewa ana tura mai amma lamba ba ta motsi, da ta fi waɗancan ukun amfani a wannan dare. Dalilin da ya sa ake aika awo da lantarki mai ƙarfin miliamfa 4 zuwa 20, ba daga sifili ba, shi ne domin a bambanta tankin da ba komai a cikinsa da wayar da ta tsinke, amma na'urar da ta daskare a tsakiyar ma'auni ba ta tona kanta ta wannan hanya, sai an kwatanta ta da wani awo.

A matatar BP da ke Texas City a Amurka, ranar 23 ga Maris, 2005, mutum 15 suka rasu, kimanin 180 suka ji rauni, lokacin da ake tayar da wata hasumiyar tace mai mai tsayin kusan ƙafa 170. Na'urar awon tana ganin 'yan ƙafafun ƙasa ne kawai, ba ta wuce ƙafa 9 ba. Ƙararrawar farko ta kaɗa da tsakar dare aka amsa ta, domin an saba ƙetare ta a lokacin tayar da hasumiyar, ta biyu mai zaman kanta kuwa ba ta kaɗa ba. Man ya yi ta hawa har ya wuce ƙafa 150, allo yana nuna ƙasa da ƙafa 9, har ma yana nuna wai raguwa yake yi. Iyakar da aka mayar da ƙetare ta al'ada, ko dai ba a wurinta take ba, ko kuma hanyar aikin ce ta karkace, kuma ko wanne ne daga ciki, ya kamata wani ya zauna a kansa tun a karo na biyu ko na uku.

Abu na ƙarshe da zan taɓo shi ne wanda yake da ikon taɓa adadin bayan an kafa shi. A wurare da yawa kowane mai kalmar sirri yana iya ɗaga iyaka, kuma yakan yi haka da kyakkyawar niyya, domin ya samu sararin yin tunani a daren da abubuwa suka cakuɗe, da nufin mayarwa da safe. Safiya ta yi, ya manta, wanda ya karɓe shi bai sani ba, bayan shekara biyu babu wanda ya tuna adadin asali. Na sha tarar da iyakar da aka tura har ƙarshen ma'auni, inda awon ba zai taɓa kaiwa ba, tana nan a jerin ƙararrawa ana lissafa ta cikin matakan kariya. Hana ma'aikaci taɓa komai ba mafita ba ce, zai koma ga naɗaɗɗiyar takarda. Abin da ke aiki shi ne a ba shi halastacciyar hanyar jingine ƙararrawa na 'yan sa'o'i, a rubuta sunansa da dalilinsa, ta dawo da kanta idan wa'adin ya cika, sannan a ajiye kundi guda mai ɗauke da adadin da aka amince da shi da hujjarsa, a riƙa kwatanta shi da abin da ke cikin kwamfuta a kai a kai. Canji na dindindin kuwa ya bi ta hannun waɗanda za su sake wancan lissafin na lokaci, musamman idan an sauya famfo da wanda ya fi ƙarfi, domin tankin da a da yake ba da minti 25 yana iya komawa ba da 15 ba tare da an taɓa adadin ba ko kaɗan.

Roƙona ga wakilanku, Malam Edita, shi ne idan aka sake aiken su ɗauko labarin hatsari a masana'anta, aka ce musu ƙararrawa ta kaɗa ma'aikaci bai amsa ba, su nemi a faɗa musu ƙararrawa nawa ne suka shigo masa a sa'ar ƙarshe, da sau nawa wannan ƙararrawar ta kaɗa a watan da ya gabata ba tare da wani abu ya faru ba, da minti nawa ne tsakanin kaɗawarta da aukuwar ɓarnar, da kuma ranar da aka yi wa iyakarta canji na ƙarshe. Duk waɗannan suna nan a ajiye cikin kwamfutar ɗakin kula, da kwanan wata da daƙiƙa, kuma fitar da su ba ya ɗaukar injiniya fiye da yini guda.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin na'urorin awo a masana'antu